Daga Gidan Gem zuwa Aji: Yadda Malami Zai Ari Dabarun Wasan Bidiyo da Alli da Allo Kawai

Duk malamin da ya taɓa leƙa gidan gem bayan la'asar ya ga abin mamaki. Yaron da aka yanke wa hukunci a makaranta cewa ba ya ja, wanda ba ya iya minti goma idonsa na kan allo, shi ne zaune riƙe da hannun gem, an ci shi sau biyar a jere, ya kuma laluba aljihu ya biya kuɗin wani wasan. Ya haddace sunayen 'yan ƙwallo na ƙungiyoyi goma da ƙarfin kowanne, ya san maɓallan da ake haɗawa a yi yanka, babu wanda ya rubuta masa not, babu wanda ya tsaya a kansa da bulala. Koyo yake yi, mai wahala ma, kuma da kuɗinsa.

Da yawan masu son kawo wannan cikin aji suna farawa ne ta inda ya kamata su ƙare: maki, lambar yabo, jerin gwanaye a bango. A ganina waɗannan kwalliya ce. Abin da ke riƙe yaro a gem abu uku ne. Faɗuwa ba ta da tsada, domin idan ya mutu yana sake farawa nan take. Yana sanin kuskurensa a cikin daƙiƙar da ya yi shi. Sannan aikin da ke gabansa daidai ƙarfinsa yake, bai yi sauƙin da zai gundure shi ba, bai yi wuyar da zai sa ya ajiye hannu ba. Ajinmu kuwa ya juya ukun nan: kuskure yana jawo dariya ko duka, sakamakon gwaji yana zuwa bayan mako biyu idan ma ya zo, darasi ɗaya kuma ake yi wa yara tamanin da ke matsayi goma daban-daban. Waɗannan ukun za mu gyara, kuma ba a bukatar wuta ko kwamfuta.

Don magana ta tsaya a ƙasa, zan ɗauki darasi guda: sau da rabawa a aji biyar na firamare, ko ajin farko na ƙaramar sakandare inda ake tarar da rabin aji ba su iya ba. Aji mai yara saba'in zuwa tamanin, darasi na minti 35 ko 40, zango ɗaya.

Fara da yanka darasin zuwa ƙofofi

Gem ba ya ce wa yaro "ka iya wasan nan". Yana ce masa ka tsallake wannan ramin. Kai ma ka zauna da manhajar zangon ka tambayi kanka: mene ne ƙaramin abin da yaro zai iya yau wanda jiya bai iya ba, kuma zan gane ya iya cikin minti biyar? Kowace amsa mataki ce. A darasinmu za su iya zama takwas. Na farko sau 2 da 5 da 10. Na biyu sau 3 da 4 da 6. Na uku sau 7 da 8 da 9, inda mafi yawa suke maƙalewa. Na huɗu rabawa marar saura, irin 56 a raba 7. Na biyar rabawa mai saura. Na shida doguwar rabawa, lamba uku a raba da ɗaya. Na bakwai a raba da lamba biyu. Na takwas tambayar zance, wadda yaro ne zai gano da kansa ko sau ake nema ko rabawa.

Ka ba matakan suna. Malamin Kano yana da ƙofofin gari a hannu: Nassarawa, Ɗan Agundi, Na'isa, Kabuga, Mazugal, Wambai, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Mata. Na Katsina yana da Ƙofar Ƙaura da Marusa da Guga da Durɓi da Sauri, na Zariya yana da Doka da Kuyambana da Gayan. A zana taswirar a kwali a manna a bango, kowace ƙofa da misalin tambayar da ke tsaronta, yadda yaro zai ga tafiyar gaba ɗaya tun ranar farko. Labarin da ake bukata bai wuce wannan ba. Kada ka ɓata dare kana ƙirƙiro tatsuniyar aljani da gimbiya, yara suna gajiya da ita kafin kai.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowane ɗalibi yana kan nasa karatun, daga babbaƙu zuwa farfaru zuwa gaba, kuma ba ya wanke allo sai malam ya ji ya riƙe. Babu wanda ake ɗauka a kai izu na gaba don kawai sa'o'insa sun kai. Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya tsara irin wannan ga makarantun boko a 1968: kada ɗalibi ya wuce babi sai ya ƙware a kansa, a bar lokaci ya bambanta daga yaro zuwa yaro, ƙwarewar ta zama ɗaya.

Ka gano inda kowa yake tsaye

Ranar farko ka rubuta tambayoyi goma sha shida a allo, biyu daga kowace ƙofa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka gaya musu wannan ba jarrabawa ba ce, babu wanda zai faɗi, kowa ya yi iya inda ya iya ya tsaya. Inda yaro ya fara rasa tambayoyi biyun ƙofa, nan zai fara tafiyarsa. Za ka tarar da wasu a ƙofa ta shida, da yawa a ta biyu da ta uku, wasu kuma ko ta farko ba su kama ba.

Wannan shi ne ginshiƙin tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, na koyar da yaro daidai matsayinsa ba daidai ajinsa ba, wanda Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masu lambar Nobel ta 2019, suka daɗe suna gwadawa, aka kuma kawo shi Borno da Kano. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya bayyana dalilin tun 1975: mutum yana nutsewa cikin aiki har ya manta da lokaci ne idan wuyar aikin ta yi kunnen doki da iyawarsa. Wasan Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, ba shi da labari ba shi da jarumi, tubala ne kawai ke faɗowa, amma suna ƙara gudu gwargwadon yadda hannunka ke ƙara faɗawa, shi ya sa ajiye shi ke wuya.

Wata dabara ƙarama: ka tabbatar kusan kowa ya wuce wata ƙofa a makon farko. Idan akwai waɗanda ta farko ta fi ƙarfinsu, ka ƙara musu wata a gabanta, ƙirga bibbiyu da biyar-biyar. A 2006 Joseph Nunes da Xavier Drèze sun yi gwaji a wani wurin wankin mota a Amurka. Wasu an ba su kati mai gurbi takwas babu hatimi ko ɗaya, wasu mai gurbi goma an riga an buga musu biyu. Wanki takwas ne ya rage wa kowa kafin ya samu na kyauta, amma kashi 34 cikin ɗari na masu hatimi biyun suka cike katin, na ɗaya ɓangaren kashi 19. Wanda ya ga ya riga ya taka hanya ya fi wanda ke bakin farawa naci.

Katunan ƙofa, da batun rai uku

Nan aikin yake, kuma nan tsarin yake tsayawa ko ya rushe, don haka zan daɗe a kai.

Kowace ƙofa tana bukatar kati mai tambaya biyar. Huɗu daga cikinsu na ƙofar ne, ta biyar kuma daga wata ƙofa ta baya. Wanda ya ci huɗu ya wuce. Amma kati ɗaya ba ya isa, domin wanda ya faɗi yau zai dawo, idan kuma tambayoyin jiya ya tarar to amsa zai haddace ba hanya ba. Ka yi iri uku ga kowace ƙofa, wuyarsu ɗaya lambobinsu daban. Ƙofa takwas sau uku, kati ashirin da huɗu ke nan, tambaya ɗari da ashirin. Ƙofofin da jama'a suka taru a kansu ka kwafi kowane kati sau biyar ko shida. Kwalin taliya da aka yanka daidai tafin hannu ya wadatar, a rubuta da maka, a liƙe da salatif don ya jure hannun yara, a ɗaure na kowace ƙofa da kyauro a zuba a leda. Aiki ne na ƙarshen mako guda mai gajiya, amma katunan za su yi maka shekaru, kuma malamin ɗaya ajin zai iya raba aikin da kai.

Ka ware minti goma sha biyar na ƙarshen darasi sau biyu a mako, ka kira shi lokacin ƙofa. Yaro ne zai ce ya shirya, ba kai za ka kira shi ba. Ya ɗaga hannu, a miƙa masa kati, ya yi a littafinsa, a duba masa a take. Wa zai duba wa yara talatin a minti goma sha biyar? Ba kai kaɗai ba. Duk wanda ya wuce wata ƙofa da ƙofa biyu zai iya zama mai gadinta: ka ba shi takardar amsoshi, ya zauna a ƙarshen benci, masu neman wucewa su kawo masa. Ka riƙa juya gadin kowane mako don kada wasu su zama sarakai, kuma don su ma su samu lokacin tasu tafiyar.

Za a yi maguɗi, kada ka yi tsammanin ba za a yi ba. Mai gadi zai wuce da abokinsa, ko a ba shi alawa. Maganinsa biyu. Na ɗaya, a kowane lokacin ƙofa ka zaɓi mutum uku cikin waɗanda aka ce sun wuce, ka ba kowanne tambaya guda a gabanka. Idan ya kasa, ya koma, mai gadin kuma ya sauka daga gadi na mako biyu, ba tare da faɗa ko tozarci ba. Na biyu, ƙofa ta huɗu da ta takwas kai kaɗai ke tsaronsu. Wanda aka ɗauko a kafaɗa zai tsaya a nan.

Yanzu rai. Kowane yaro yana da rai uku a kowace ƙofa, wato katunan nan iri uku. Ya faɗi na farko, babu abin da aka rage masa, babu jan biro, ba a rubuta komai a rajista ba. Mai gadi ya nuna masa tambayar da ya rasa, ya je ya gyara, ya dawo lokacin ƙofa na gaba. Idan rai uku suka ƙare, doka ita ce sai ya zauna da kai ko da wanda ka wakilta na minti biyar, a gano ainihin abin da ke kayar da shi, sannan a mayar masa da ransa. Amfanin wannan doka gare ka ya fi gare shi, domin ita ce ke tace maka yara biyar ko shida da suke bukatarka da gaske a cikin tamanin. Sau da yawa abin da za ka tarar ƙarami ne. Yarinya tana ta faɗuwa a doguwar rabawa, ka zauna da ita ka ce ta yi 618 a raba 6 da ƙarfi kana ji. Ta ce shida cikin shida ɗaya, ta sauko da 1, ta ga shida ba ya shiga, sai ta sauko da 8 ba tare da ta rubuta sifili a sama ba, ta samu 13 maimakon 103. Ba rabawa ce ba ta iya ba, gurbin sifili ne. Minti uku ya isa gyara abin da jan biro na zango guda bai nuna mata ba.

Abu ɗaya ba ya haɗuwa da wannan tsari ko kaɗan: dukan yaro ko barin a yi masa dariya don ya ba da amsar da ba daidai ba. Ladabtarwa a kan rashin ɗa'a zance ne daban. Amma idan kuskuren lissafi yana jawo bulala, babu yaron da zai ɗaga hannu ya ce ya shirya, kuma katunanka za su zauna a leda.

Tambaya ta biyar ɗin nan ta baya kada ka raina ta. Gem ba ya koya maka tsalle ya bar shi, kowane mataki na gaba sai ka sake tsalle. Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 yadda abin da aka haddace ke zubewa da sauri idan ba a waiwaye shi ba, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke kuma suka nuna a 2006 cewa ƙoƙarin tuno abu ya fi sake karanta shi zaunar da shi a kai bayan mako guda.

Sauran minti ashirin da biyar

A 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Bros., kuma masu ƙera gem har yau suna nazarin matakinsa na farko. Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa ba su rubuta umarni ko layi ɗaya ba. An ajiye Mario a gefen hagu yana kallon dama, gabansa fili, sai ka tafi dama. Wani ɗan abokin gaba ya taho a hankali, ka taɓa shi ka mutu, ka koyi tsalle, asararka daƙiƙa kaɗan. Ka bugi tubali wani abu ya fito, ya gangara ya bugi bututu ya dawo kanka yadda kauce masa ke wuya, ya taɓa ka sai ka ga ka ƙara girma, ka gane wannan na alheri ne. An tsara wurin ne yadda darasin zai same ka.

Haka za ka buɗe sabon abu. Kafin ka rubuta ma'anar saura a allo, zuba wa kowane benci marafan lemo goma sha bakwai ka ce su raba wa mutum biyar daidai wa daida. Za su raba uku-uku, biyu su rage, gardama ta tashi a kan na wane ne. Yanzu ka rubuta 17 a raba 5, ka tambaye su ina za a sa biyun nan. Bayanin da zai biyo baya minti biyar ne, kuma yana sauka a kan abin da hannunsu ya riga ya taɓa.

Don sanin ko sun gane a take, kowane yaro ya ninke takarda huɗu ya rubuta A, B, C, D manya. Ka rubuta tambaya da amsoshi huɗu, ka sa kuskuren da aka saba yi a cikinsu, irin 13 ɗin nan. Ka ƙirga uku, kowa ya ɗaga a ƙirjinsa lokaci guda. Cikin daƙiƙa biyar ka ga ajin duka. Idan kusan kowa ya samu, wuce. Idan kusan kowa ya rasa, sake bayani ta wata hanya. Idan aji ya rabu, kada ka faɗi amsa: ka ce kowa ya nemi wanda amsarsa ta saɓa da tasa ya shawo kansa cikin minti ɗaya, a sake ɗagawa. Eric Mazur ya fara wannan da ɗaliban fiziks a Harvard a farkon shekarun 1990. Inda akwai waya da data da wuta, manhajar tambayoyi ta Kahoot! da aka fitar a Norway a 2013 yana yin irin wannan aikin da kiɗa da launi, sai dai yana fifita mai saurin dannawa, takarda kuwa ba ta cin caji.

Bayan haka yara su zauna rukuni-rukuni bisa ƙofar da suke, su yi atisaye, kai kana zagayawa, ka fi daɗewa wurin na baya.

Bos

Yara sun san bos, daga gem har fim: shi ne wanda ba a kayar da shi sai an haɗa duk abin da aka koya. Makarantar Quest to Learn da aka buɗe a New York a 2009, wadda aka gina manhajarta kan tsarin wasa, tana rufe zango da irin wannan babban aiki. Naka ya zama sau biyu a zango, a yi shi a ƙungiya. Misali: wani ɗan kasuwa ya sayi buhun masara 7, kowanne kwano 40, ya biya kuɗin mota da na 'yan dako, zai raba wa shaguna 9 daidai. Kwano nawa kowane shago zai samu, nawa zai rage, kuma nawa zai sayar da kwano kafin ya fitar da kuɗinsa? Ka sa farashin da ake ciki a kasuwar garinku a makon. Kowace ƙungiya ta kawo amsa, kai kuma ka zaɓi wanda zai yi bayani, ba su za su zaɓa ba. Da sun san haka, gwanin cikinsu zai dage sai na bayansu ya gane.

Maki da jerin gwanaye: a nan ake ɓarin

Sai yanzu muka zo maki. A 2009 Lee Sheldon, mai rubuta wasannin bidiyo da ke koyarwa a Jami'ar Indiana, ya shiga aji ranar farko ya gaya wa ɗalibansa cewa kowa yana da sifili, daga nan kuma sai hawa. Lissafin ɗaya ne da na kullum, fuskar ce ta juya: maimakon a fara da ɗari ana zaftarewa, ana farawa daga ƙasa ana tarawa. Idan makin gwajin cikin zango a makarantarku 40 ne, kowace ƙofa ta zama maki 5. Idan 30 ne, ka daidaita. Abin da yaro ya samu ya samu, ba a ƙwacewa don ya makara ko ya yi surutu. Da zarar ka fara cire maki saboda hali, makin ya daina nuna abin da ya iya.

Kowane yaro ya zana taswirar ƙofofin a bangon littafinsa na ciki, mai gadi ko kai ku sa hannu da kwanan wata a duk wadda ya wuce. Kai kuma kana da rajista mai layi takwas. Abin da ba za ka yi ba shi ne manna sunaye a bango daga na ɗaya zuwa na tamanin. Mun riga mun san abin da "na nawa ka zo?" ke yi wa yaran ƙasan takarda a ƙarshen zango, ba sai mun mayar da shi na kullum ba. Michael Hanus da Jesse Fox sun buga wani bincike a 2015 inda suka kwatanta aji biyu na jami'a tsawon mako 16, ɗaya an sa masa lambobin yabo da jerin gwanaye, ɗaya an bar shi yadda yake. Ɗaliban ajin da aka yi wa kwalliyar sha'awarsu da gamsuwarsu suka ragu, kuma makinsu na jarrabawar ƙarshe ya gaza na ɗaya ajin. Jerin gwanaye yana zaburar da biyar na sama, waɗanda dama ba su bukata.

Idan kana son gasa, kuma yara suna sonta, ka yi ta tsakanin ƙungiyoyi, a kan ci gaba. Ka haɗa ƙungiyoyi na mutum biyar ko shida, kowacce da na gaba da na tsakiya da na baya, maza da mata yadda tsarin zaman makarantarku yake. Makin ƙungiya a mako shi ne yawan ƙofofin da 'ya'yanta suka wuce a makon, ko ta farko ce ko ta bakwai duk ɗaya. Robert Slavin na Jami'ar Johns Hopkins ya gina irin wannan tun ƙarshen shekarun 1970. Abin da zai faru shi ne yaron da ke ƙofa ta biyu ya zama mai daraja, domin ya fi sauƙin kawo wa ƙungiya maki a kan wanda ke fama da ta bakwai, sai ka ga gwanaye sun kewaye shi suna yi masa bitar sau uku. Kowace Litinin a goge allon gasar a fara daga sifili. Shawara ta gefe: kada ka bari su sa wa ƙungiyoyi sunan Madrid da Barcelona, rigimar da za ta biyo baya ba ta lissafi ba ce.

Kyauta fa? A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun ɗauki yaran nazare masu son zane da kansu. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu aka ba su ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Bayan kwanaki, waɗanda aka yi wa alkawarin sun rage zane da kusan rabi idan aka kwatanta da sauran, masu kyautar ba-zata kuwa ba su rage ba. Don haka kada ka ce duk wanda ya wuce ƙofa yana da biskit. Ranar da aljihunka ya gaza, karatun ya tsaya. Tafi na aji, ko gajeriyar wasiƙa zuwa ga mahaifi cewa ɗansa ya wuce abin da ya daɗe yana kayar da shi, sun fi biskit nisa.

Waɗanda suka gama ƙofa takwas da wuri kada su zauna. Ka ba su zaɓi: su rubuta sababbin katuna, su tsara bos na gaba, ko su ɗauki tambayoyin jarrabawar shiga sakandare na shekarun baya. Masana halayyar ɗan Adam Edward Deci da Richard Ryan sun daɗe suna nuna cewa sha'awa mai ɗorewa tana tsayawa ne a kan mutum ya ji yana da zaɓi, yana iyawa, kuma yana cikin jama'a.

Abin da za ka bari a gidan gem

Ba duk dabarar gem ce ta alheri ba. Wasu an yi su ne don tatsar kuɗi da lokaci. Wasan waya na Candy Crush yana ba ka rai biyar, idan sun ƙare ka jira rabin awa kafin ɗaya ya dawo ko ka biya. Wasu wasannin suna sayar da akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba, wanda bai da maraba da caca. Kada ka kawo ƙuri'a ko kyautar sa'a cikin aji. Haka ƙirgen kwanaki a jere irin na manhajar koyon harsuna ta Duolingo, inda fashin rana ɗaya ke iya rushe abin da ka tara: a ajinmu wanda zai fara rasa shi shi ne yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, ko yarinyar da aka tura talla ranar kasuwa, ko ɗan manomi a lokacin girbi. Kyawun tsarin ƙofofi shi ne wanda ya yi fashin mako biyu yana dawowa ya tarar da tafiyarsa inda ya bar ta.

Hedimasta, iyaye, da auna ko yana aiki

Kafin ka fara, je wa hedimasta da taswirar a hannu, ka nuna masa kowace ƙofa da makon da ta dace da shi a tsarin aikin zango, don ranar da masu duba makarantu suka zo ya san amsar da zai bayar. Jarrabawar ƙarshen zango tana nan yadda take. Ga iyaye kuwa ba sai ka ambaci gem ba, don da yawa abin da suka sani game da shi shi ne yana cinye kuɗin cefane da lokacin Islamiyya. Ka ce musu yaro ba ya wuce karatu sai ya iya, kuma ana ba shi dama ya sake. Sun san wannan tsarin.

Wajen mako na uku ko na huɗu ɗokin sabon abu zai kwanta, hannuwa su ragu a lokacin ƙofa. Kada ka ƙara kwalliya. Buɗe rajista ka duba inda aka cunkushe. Idan yara ashirin sun yi mako biyu a ƙofa ta uku, ƙofar ce ta yi faɗi: raba ta, sau 9 daban tunda yana da dabarar yatsu, sau 7 da 8 daban. A ƙarshen zango ka sake ba su tambayoyi goma sha shidan ranar farko da lambobi daban, ka ware takardun kashi ɗaya cikin uku na ƙasan aji ka fara duba su. Na sama za su ci gaba ko da wane tsari, motsin na ƙasa ne zai gaya maka ko wahalar yanka kwali ta biya.

Tsarin ya fi zama daram a darussan da ke hawa kan juna: lissafi, koyon karatu daga harafi zuwa gaɓa zuwa kalma zuwa labari, nahawun Turanci da Larabci, daidaita lissafin sinadarai. A tarihi ko adabi ko insha'i, inda babu amsa guda da mai gadi zai duba a takarda, ka bar katunan ka ɗauki sauran: takardar A, B, C, D don buɗe muhawara, bos na ƙungiya, da damar sake rubutu bayan gyara, a ba da makin a kan na biyun. Kuma ka fara da aji ɗaya da babi ɗaya, sai katunan sun zauna sannan ka ƙara na biyu.